Me ya sa zuwa Niyok daga Landan ya fi dawowa daɗewa, alhali nisan ɗaya ne?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na sayi tikitin zuwa da dawowa tsakanin Landan da birnin Niyok na Amurka. A rubuce zuwa awa 8 ne, dawowa kuma awa 7. Na bincika nisan biranen biyu, wani wuri aka ce 5,550, wani wuri 3,450, wani wurin kuma 3,000. Na kuma ji cewa jirgin fasinja yana gudun kilomita 900 a awa, da na raba sai na samu awa 6 da minti 10. To ina sauran lokacin yake tafiya, kuma me ya sa zuwa ya fi dawowa? Wani abokina ya ce juyawar duniya ce."

Malam, rabawar da ka yi daidai ce, ba ka ɓata lissafi ba. Inda aka samu tangarɗa shi ne ka ɗauki jirgi tamkar mota a kan kwalta, wadda hanyarta ke kwance wuri ɗaya tana jiran ta. Shi jirgin sama a cikin iska yake tafiya, ita kuma iskar tafiyarta take yi, da shi a cikinta. Na daɗe ina aikin tsara wa jirage hanya da lissafa musu mai kafin su tashi, kuma a wannan aiki kilomita ba ta taɓa hana mu barci ba, domin yadda take jiya haka take yau. Lokaci ne kullum sai an sake zama an lissafa shi, ko da jirgin jiya ne zai bi hanyar jiya.

Bari in fara kawar da ƙaramar rikitarwar, wato lambobin nan uku. Dukkansu gaskiya suka gaya maka, mudun ne ya bambanta. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne irin na tudu, wanda Ingila da Amurka ke auna tituna da shi, tsawonsa mita 1,609. Na uku mil ne na teku, mai mita 1,852, kuma da shi matuƙan jiragen sama da na ruwa suke aiki, saboda daga girman duniyar kanta aka yanko shi: idan ka matsa digiri ɗaya zuwa arewa ko kudu, ka ci mil 60 na teku ke nan, kimanin kilomita 111. Za ka iya kuma ganin bambancin 'yan kilomita tsakanin wannan shafi da wancan, don wani daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari yake aunawa, wani daga filin jirgi zuwa filin jirgi, kuma kowane ɗaya daga biranen nan biyu yana da filin jirgi fiye da ɗaya. Mu ɗauki kilomita 5,550, daga filin Heathrow na Landan zuwa filin JFK na Niyok, mu wuce.

Amma kilomita 5,550 ta wace hanya? Idan ka taɓa kallon ɗan allon da ke bayan kujerar jirgi, ka ga layin tafiyar ya yi baka, ya hau arewa ya biyo ta gaɓar Kanada sannan ya gangaro. Fasinjoji da yawa suna zaton zagaye ake yi da su. Ka samu ƙwallon duniya irin na ɗakin karatu da ɗan zare, ka danne bakin zaren a Landan, ka ja shi ya miƙe tsam zuwa Niyok. Gani ya kori ji. Zaren da kansa zai bi ta kan Ayalan, ya ɗan ƙara hawa arewa a tsakiyar tekun Atlantika, ya faɗo ta tsibirin Newfoundland na Kanada, ya biyo gaɓa ta wajen Boston. Wannan ita ce hanya mafi gajarta, babu wata da ta fi ta. Masana lissafi suna kiran ta babbar da'ira, domin idan ka ci gaba da jan layin har ya zagayo duniya, zai raba ta gida biyu daidai wa daida.

Laifin na taswira ne. Ba yadda za a yi a shimfiɗa ƙwallo a kan takarda ba tare da an ja wani wuri ya buɗe ba. Taswirar da idonmu ya saba da ita ta samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569, kuma don matuƙan jiragen ruwa ya yi ta: a kanta, idan ka ja miƙaƙƙen layi, za ka iya riƙe alƙibla ɗaya a kamfas tun daga tashi har isa. Ladan wannan sauƙi shi ne ta kumbura arewa da kudancin duniya ƙwarai, har tsibirin Girinlan yake neman yin kafaɗa da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Idan ka bi layin rula a kan wannan taswira daga Landan zuwa Niyok, za ka ci kusan kilomita 5,750, ƙarin 200 ke nan a banza. Tsakanin Landan da Tokiyo ƙarin ya haura kilomita 1,500. Saboda haka bakan da kake gani a allo shi ne miƙaƙƙe, layin rular ne karkatacce.

Yanzu ga lokaci. Awa 8 ɗin da ke tikitinka ba daga tashi sama zuwa taɓa ƙasa ake ƙirga ta ba. Ana fara ƙirgawa ne daga sa'ad da aka tura jirgi baya daga inda fasinja suka shiga, a tsaya sa'ad da ya ja birki a inda za su fita. Duk rarrafen da zai yi zuwa bakin titin tashi, da layin da zai bi a bayan wasu jirage, suna ciki. A manyan filaye irin waɗannan biyu, minti 20 ko 30 kan tafi jirgi bai bar ƙasa ba, musamman da yamma a JFK lokacin da jiragen Turai ke fita a jere. Idan ya tashi ma ba nan take yake kama gudun 900 ba. A ƙasashe da yawa doka ta hana wuce kimanin kilomita 460 a awa matuƙar jirgi bai kai ƙafa 10,000 sama ba, kuma sai ya yi minti 20 zuwa 30 yana hawa kafin ya kai inda zai daidaita, tsakanin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Jirgi iska yake fuskanta ya tashi, ita yake fuskanta ya sauka, don haka wata rana sai ya tashi ya ba inda za shi baya, sannan ya yi kwana. Saukowa kuma tun saura kimanin kilomita 200 ake fara ta, ana rage gudu a hankali. Heathrow titi biyu kacal gare shi duk da yawan jiragensa, shi ya sa yake da wurare huɗu a sararin kewayen Landan inda ake tsayar da jirage su yi ta zagaye, wani bisa wani, har layi ya zo kansu. A kan duk wannan, kamfani yakan ɗan ƙara mintuna a jadawali don kada a riƙa rubuta masa latti, tunda a ƙa'idar da aka fi bi, jirgin da ya wuce lokacinsa da minti 15 ya makara.

A gajeriyar tafiya ne wannan ya fi fitowa fili. Landan zuwa Paris kilomita 350 ne ko ƙasa da haka kaɗan. Da rabawa irin taka, minti 23 ke nan. A tikiti kuwa za ka ga awa 1 da kwata ko fiye, domin jirgin bai gama hawa ba ake ce masa ya fara sauka.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa 6 da minti 10 ta zama 7 da wani abu. Bai bayyana dalilin da ya sa zuwa ya fi dawowa ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ɗauki mai kwalekwale a kogi. Ƙarfin tuƙinsa ɗaya ne ko ina ya dosa. Idan ya bi ruwa, gudun ruwan yana ƙaruwa a kan nasa. Idan ya hau ruwa, ana cire gudun ruwan daga nasa. Wanda ke tsaye a gaɓa zai ga gudu biyu mabambanta, shi kuwa mai kwalekwalen gumi ɗaya yake yi. Haka jirgin sama yake da gudu iri biyu: gudunsa a cikin iskar da ke kewaye da shi, da gudunsa idan an auna da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Kilomita 900 ɗin da ka ji na farkon ne. Wanda ke kai ka gida na biyun ne.

A daidai tsayin da jiragen fasinja ke bi, akwai wani kogin iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas a yankunan da ke tsakanin zafin tsakiyar duniya da sanyin ƙuryoyinta. Faɗinsa 'yan ɗaruruwan kilomita ne, kaurinsa 'yan kilomita kaɗan, yana lanƙwasa kamar maciji, yau yana nan gobe ya matsa. A tsakiyarsa gudun iska kan kai kilomita 150 zuwa 250 a awa, da hunturu kuma yakan wuce 300, wani lokaci har 400. Abin da ke haifar da shi karon iska mai ɗumi ce daga kudu da iska mai sanyi daga ƙuryar arewa. Gwargwadon tsananin bambancin zafinsu, gwargwadon ƙarfinsa, shi ya sa ya fi haukacewa daga Disamba zuwa Fabrairu. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, ya gano shi tun a shekarun 1920 ta hanyar sakin balan-balan yana bin su da ido da na'ura, amma ya wallafa bincikensa da Esperanto, wani ƙirƙirarren harshe da mutane kaɗan ke ji, sai duniya ba ta kula ba. Sai a yaƙin duniya na biyu, da matuƙan jiragen yaƙin Amurka samfurin B-29 suka riƙa cin karo da shi a saman Japan, aka san da gaske ne.

Mu sa lamba. A ce jirginka yana 900 a cikin iska, kuma a matsakaici iskar da ke busowa daga yamma a tsawon hanyar 100 ce a awa. Zuwa Niyok ka nufi yamma, iska na bugun ƙirjinka: 800 kake yi a kan ƙasa, kilomita 5,550 za ta ci awa 6 da minti 56. Dawowa tana tura ka ta baya: 1,000 kake yi, awa 5 da minti 33. Ka ga tazarar ta kusa awa ɗaya da rabi, daga iskar da ba ta kai ƙarfin tsakiyar kogin ba. Ka ƙara lokacin ƙasa da hawa da sauka a kan kowanne, ga tikitinka ya fito.

Akwai wani abu a cikin lambobin nan da mutane ba su cika lura da shi ba. Ba iska, zuwa da dawowa awa 12 da minti 20 ne. Da iska, awa 12 da minti 29. Wato abin da iska ta ƙwace maka a zuwa, minti 46, ya fi abin da ta mayar maka a dawowa, minti 37, saboda ka fi daɗewa a hannunta lokacin da take gaba da kai. Iska ba ta biyan bashi cikakke.

Abin da ya sa tazarar tikitinka ta tsaya a awa ɗaya, ba ta kai ɗaya da rabi ko biyu ba, shi ne ba a miƙa wuya ga iskar haka kawai. Kowace rana masu kula da sararin arewacin Atlantika suna zana sababbin hanyoyi bisa hasashen inda kogin zai kwanta. Cibiyar Gander da ke Kanada ce ke fitar da na masu zuwa Turai, waɗanda galibi da dare suke ƙetarewa, a ɗora su a kan kogin ya kwashe su. Cibiyar Shanwick, wadda Birtaniya da Ayalan ke gudanarwa tare, ita ke fitar da na masu zuwa Amurka da rana, a kauce da su daga bakinsa, sau da yawa ta arewa har kusa da Girinlan. Don haka zuwanka da dawowarka ba lallai ne su bi layi ɗaya ba, kuma ba lallai ne ɗayansu ya bi layin zaren nan sak ba. Mai tsara hanya ba mafi gajartar kilomita yake nema ba, mafi ƙarancin mai da lokaci yake nema. Sau da yawa nakan ƙara wa jirgi kilomita 200 ko 300 da gangan, ya kuma riga wanda ya bi miƙaƙƙiya isa.

Ranar da kogin ya cika ya batse, abin har mamaki yake ba mu da muke cikin aikin. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar da aka sa wa suna Ciara, wani jirgin British Airways samfurin Boeing 747 ya taso daga Niyok ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. A wani wuri gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa. Jaridu suka yi ta cewa ya fi sauti gudu. Bai fi ba. A cikin iskar da yake ciki gudunsa na kullum yake yi, iskar ce ta ɗauke shi da shi da sautin gaba ɗaya. Su kuwa waɗanda suka nufi yamma a wannan rana, sun ji a jikinsu.

Sai maganar abokinka. Duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas. A daidai Landan, ƙasar da kake tsaye a kai tana gudun sama da kilomita 1,000 a awa zuwa gabas. Da a ce jirgi yana tashi ne duniya ta zame a ƙarƙashinsa, to Niyok ce za ta riƙa tahowa ta tarye shi, zuwa ya fi dawowa sauri ke nan, akasin abin da tikitinka ya nuna. Kuma da jirgi mai saukar ungulu sai ya tashi ya tsaya cak a sama, bayan 'yan awoyi ya sauko a wata nahiya. Ba ya faruwa, domin iska da jirgi da filin jirgin duk tare suke juyawa da duniya, kamar yadda idan ka yi tsalle a cikin jirgin ƙasa mai gudu a inda ka tashi kake dira. Amma kada ka yi masa dariya da yawa, yana da ɗan rabo a gaskiyar. Juyawar duniya ce ke karkatar da iskar da ta taso daga wurare masu zafi ta nufi ƙuryar arewa, ta mayar da ita gabas. Ba don juyawar ba, da kogin bai kwarara ta wannan fuska ba. Hannunta na ciki, sai dai ta bayan gida ta shigo.

Hanya mafi sauƙi ta gwada wannan magana ita ce ka duba tafiyar da ba gabas ko yamma ta nufa ba. Landan zuwa Johannesburg ta Afirka ta Kudu kimanin kilomita 9,000 ne, kusan kudu sak, kuma zuwa da dawowa duk wajen awa 11 ne, bambancinsu 'yan mintuna. Iskar tana bugun jirgin ta gefe ne, ba ta gaba ko ta baya ba.

A dogayen tafiye-tafiye lissafin iska yakan kai ga abin da hankali ba zai ɗauka da farko ba. A 2016 kamfanin Air India ya sauya wa jirginsa na Delhi zuwa San Francisco hanya, ya daina bi ta Atlantika ya koma bi ta tekun Fasifik. Sabuwar hanyar ta fi tsohuwar tsawo da fiye da kilomita 1,000, amma ta rage kusan awa 2, don iska na bayansa. Jirgin Singapore Airlines da ke haɗa Singafo da Niyok ba tsayawa, kimanin kilomita 15,350 a layin zare, tafiyar awa 18 zuwa 19, sau da yawa ta Fasifik yake zuwa ya komo ta Atlantika da Turai. Gabas ya nufa a zuwa, gabas ya nufa a dawowa, ya zagaye duniya ke nan a tafiya ɗaya.

Ban da iska, akwai abubuwan da ke raba jirgi da layin zare waɗanda ba ruwansu da yanayi. Sararin sama yana da masu shi. Kowace ƙasa tana iya buɗe nata ko ta rufe, kuma tana karɓar kuɗin wucewa. Tun da aka rufe wa jiragen Turai sararin Rasha a ƙarshen Fabrairun 2022 saboda yaƙin Yukren, tafiyar Helsinki ta Finlan zuwa Tokiyo, wadda take wajen awa 9, ta koma wajen awa 13, ana bi ta ƙuryar arewacin duniya ko a zagaya ta kudu. Landan zuwa Tokiyo ma ta ƙaru da awa 2 ko fiye. Biranen ba su matsa ko taku ɗaya ba. Tsofaffin ma'aikata ba su yi mamaki ba, don a zamanin yaƙin cacar baka jiragen Turai masu zuwa Japan a Anchorage ta Alaska suke yada zango su sha mai saboda wannan dalilin. Shi ya sa nake gaya wa mutane kada su amince da shafin da ke ba da lokacin tafiya ta hanyar raba kilomita da gudu kawai. Irin wannan shafi bai san an yi yaƙi ba.

Sai dokar tsaro. Jirgi mai inji biyu ba a barin sa ya yi nisa da filin da zai iya sauka idan inji ɗaya ya mutu. A da iyakar minti 60 ce, abin da ya sa masu inji uku da huɗu ne suka riƙe manyan tekuna. A 1985 aka fara ba masu inji biyu izinin minti 120, daga baya 180, yau kuma Airbus A350 yana da izinin har minti 370. Duk da haka, jirgin da izininsa gajere ne dole ya raɓi inda filaye suke ko da hanyar ta fi tsawo. Haka nan yawancin jirage suna kauce wa tsaunukan Tibet, domin idan iskar shaƙa ta cikin jirgi ta zube, dole matuƙi ya sauko zuwa wajen ƙafa 10,000 da gaggawa, a can kuwa ƙasar kanta ta fi haka tudu. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Wataƙila ka ce, to me zai hana matuƙi ya ƙara wuta ya cike giɓin? Ba shi da sarari sosai. A can sama, inda sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri ko fiye, sauti yana gudun kimanin kilomita 1,060 a awa. Manyan jirage irin Boeing 787 da A350 suna tafiya a kashi 85 cikin 100 na wannan, ƙanana irin Boeing 737 da A320 a wajen kashi 78, kimanin 830 a awa. Da zarar an ƙara matsawa kusa da gudun sauti, turjiyar iska takan tashi ba kima, mai ya riƙa ƙonewa kamar ana zubar da shi. Idan matuƙi ya ce zai "kama lokaci" bayan an makara, abin da zai samu daga ƙarin gudu a tafiya irin taka bai fi minti 10 ba. Sauran daga iska ne, ko daga gajeriyar hanya da masu kula da sama suka ba shi, ko daga mintunan nan da kamfani ya ɓoye a jadawali. Wannan ne ma ya sa jiragen yau ba su fi Boeing 707 na ƙarshen shekarun 1950 sauri ba. An samu ci gaba mai yawa a tsimin mai da nisan zango da rage ƙara, amma gudu yana nan inda yake. Jirgin fasinjan nan Concorde ne kaɗai ya fasa wannan katanga a wannan hanya: yana ninka gudun sauti sau biyu, yana ƙetarewa cikin kimanin awa 3 da rabi, kuma a Fabrairun 1996 ya yi Niyok zuwa Landan cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59. A tsayin da yake bi, sama da kilomita 15, ya bar mafi yawan kogin iskar a ƙarƙashinsa, don haka zuwansa da dawowarsa ba su da wani bambanci mai yawa. Tsadar mai da ƙarancin kujeru suka ci ƙarfinsa, aka ajiye shi a 2003. Kafin ka yi ƙorafin awa 8 dai, ka tuna matuƙin jirgin nan Charles Lindbergh awa 33 da rabi ya yi daga Niyok zuwa Paris a 1927, shi kaɗai, ba barci.

Idan kana son ƙiyasi na kanka ga kowane birane biyu, ga yadda nake yi a ka idan ba kwamfuta a kusa. Nemi nisan layin zare da kilomita, ka raba da 850, ka ƙara minti 45 na ƙasa da hawa da sauka. Landan zuwa Niyok zai ba ka wajen awa 7 da kwata. Idan yamma ka nufa a yankin da kogin iska yake, ƙara rabin awa ko fiye a tafiya mai wannan tsawo, idan gabas ne ka rage kusan haka, da hunturu ka buɗa tazarar, da bazara ka matse ta. Gwada shi da Johannesburg, zai ba ka wajen awa 11 da minti 20. Gwada da Paris, awa 1 da minti 10. Inda zai ba ka kunya shi ne inda aka rufe sarari, ko inda za ka canza jirgi a wani gari, don a nan zaman jira ne ke cin lokaci, kuma garin da za a yada zangon ba lallai ne yana kan layin ba.

Abu na ƙarshe, tunda tikiti ne a hannunka: kowane lokaci da aka rubuta a kansa agogon garin da abin zai faru ne. Landan tana gaban Niyok da awa 5. Idan ka tashi ƙarfe 10 na safe aka rubuta isa ƙarfe 1 na rana, ba awa 3 ba ce, 8 ce. Idan ka baro Niyok ƙarfe 7 na yamma aka rubuta isa ƙarfe 7 na safe, ba awa 12 ba ce, 7 ce. Ka kula idan tafiyarka ta faɗo a watan Maris: Amurka tana tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu ta watan, Birtaniya sai Lahadin ƙarshe, don haka a makonnin da ke tsakani tazarar awa 4 ce. Mu a wurin aiki ba ma shiga wannan rigima, agogo ɗaya muke amfani da shi a duk duniya, wanda ya yi daidai da na Greenwich, sai an zo buga tikiti ake mayar da shi na gari. Wanda zai ƙetare Fasifik ya fi ka shan ruɗani. Mai tashi daga Sidni ta Ostireliya ƙarfe 10 na safiyar Talata zai yi kusan awa 14 a sama ya sauka Los Angeles da sassafen wannan Talatar, kafin lokacin da ya tashi. A dawowa kuma ya tashi daren Talata ya sauka safiyar Alhamis, Laraba ba ta same shi a ƙasa ba. A naka tikitin na dawowa, duba kusa da lokacin isa Landan, za ka ga an sa +1. Washegari ke nan, kada ka sa a je tarbarka a ranar da ka tashi.